Amsa ga ɗan'uwan da ke son tashi daga Jidda zuwa Aƙaba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi murmushi ni kaɗai, domin tamkar ni na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Ka ce kai da abokinka kun samu ƙaramin jirgin sama Cessna 172, kuna so ku tashi daga Jidda ku je Aƙaba ta Jodan, kana tambayar ta ina ake farawa. To, tuƙin ba shi ne wahalar ba. Takarda da mai, su ne suka sa ni kuka da idona.

Bari in ba ka labarin wakilin da ya cuce ni. Wani ne ya haɗa mu, aka ce ya ƙware wajen nemo izinin shiga sararin samaniya da na sauka. Na tura masa kuɗi lakadan, na tura takardun jirgi, inshora, lasisina da fasfo. Kullum na kira shi sai ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, an gama." Ni kuma, ga kunya irin tamu, ban ce ya turo mini takardar in gani ba. Muka tashi bayan asuba, muka bi gaɓar teku muka yi arewa, muka sauka filin da za mu yada zango. Da na je shigar da tsarin tafiya na zango na biyu, jami'in ya dubi kwamfuta, ya dube ni, ya ce izinin da ke nan ba na jirgina ba ne. Ashe bayan HZ ɗin nan na rajistar Saudiyya, bawan Allah ya juya haruffa biyu. Haruffa biyu kacal! Na kira shi ya fi sau ashirin, waya a kashe. Muka zauna ƙarƙashin fuffuke, kwalta tana turiri, ruwan gorarmu ya zama kamar na haɗa shayi. Abokin tafiyata ko uffan bai ce ba, shirun nasa ya fi zagi ciwo. Sai bayan la'asar mutumin ya kunna waya, wai yana wajen ɗaurin aure. Ko haƙuri bai ba ni ba. Kwana biyu muka yi a garin, kuɗin otal da na ajiye jirgi duk daga aljihuna. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don haka kada ka taɓa makunni sai ka ga lambar izini da idonka, ka karanta rajistar jirgin harafi-harafi, ka duba kwanan wata. Ka tuna kuma agogon jirgi na UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu a nan Saudiyya muna gaba da awa 3. In ka ce ƙarfe 2 na dare za ka tashi, a takarda jiya ce ƙarfe 11.

Sai mai. Jirginku Avgas 100LL yake sha, ba Jet A-1 na manyan jirage ba, kuma ba kowane fili ke da shi ba. Tsakanin Jidda da Aƙaba kusan kilomita 1,000 ne a miƙe. Tankinku kamar lita 200 ne, injin yana shan lita 30 zuwa 35 a awa, ga iskar arewa da ta saba kaɗawa a Bahar Maliya tana dukan hancin jirgi. Kada shaiɗan ya raya maka za ka kai a tashi ɗaya. Ka kira filin zangon, su tabbatar maka a rubuce cewa akwai man. Wannan ne ya sa yanzu nake sha'awar masu jirgin Diamond DA40 mai shan Jet A-1, hankalinsu kwance, amma wannan zancen wata rana ne.

Af, igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Ka tabbata bizar fita da dawowa ta fito a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kuma wa'adinta zai kai ka dawo, ka ƙara kwanaki a kai saboda irin abin da ya same ni. Zangon ƙarshe kafin ka ƙetare dole ya zama filin da ke da jawazat, wato jami'an shige da fice, da kwastan. Takardar sunayen waɗanda ke cikin jirgi, wadda ake kira GenDec, ka buga ta da yawa, kowa sai ya karɓi tasa.

Cikakken tanki ya kai kilo 140 da ɗoriya, don haka ku manta da tsarabar dabino katan-katan. Da zafin rana jirgi ba ya son tashi, ku fita da sassafe. Rigar ceto ta hana nutsewa kuma a jiki ake sa ta, ba a jefa ta bayan kujera.

Na ga wani a ƙarƙashin tambayarka yana ce maka ka gwada Port Sudan tunda kilomita 300 da 'yan kai ne. Malam, ina da dangi a can, raina yana can, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba wurin zuwa da ƙaramin jirgi ba ne, ga shi kuma teku ne zalla a injin ɗaya. Ka bar shi tukuna.

In ka samu wakili, turo mini takardar ta akwatin sirri in taya ka karanta haruffan.