Karena yana fita hayyacinsa idan ya hango wani kare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Ina da karen gadi, namiji, watansa 10, ruwa biyu ne. A gida lafiya lau yake, har yara suna wasa da shi. Amma da na fita da shi ya hango wani kare, sai ya hau haushi da tsalle yana fizgar sarƙa kamar zai shaƙe kansa. Makon jiya ya kayar da ƙanena a bakin kwata. Na dake shi har na gaji, abin sai ƙaruwa yake. Mugunta ce ta fara shigarsa, ko fiɗiye shi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa ƙanen naka lafiya. Kafin komai ina roƙonka ka ajiye bulalar nan. Dalilin zai zo a ƙasa, amma ka fara ajiye ta tun yau.

Daga yadda ka kwatanta, na fi zaton ɗoki ne ya yi wa karenka yawa, ba mugunta ba. Kare mai wata 10 matashi ne. Daga wajen wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi, wani ma har biyu, jiki ya girma amma hankali bai iso ba. Sannan akwai wani ɗan lokaci a farkon rayuwar kwikwiyo, daga mako 3 zuwa wajen mako 14, da yake saurin sabawa da duk abin da ya gani. Mu a nan yawanci kwikwiyo kan ƙare wannan lokacin ɗaure a bayan gida, bai ga kowa ba sai mai kawo masa tuwo. To ranar da ya fito ya ga ɗan'uwansa a tsallaken titi, me kake tsammani? So yake ya je ya shinshina, sarƙa ta hana shi, sai takaici ya koma haushi.

Amma kada ka ɗauki zatona, ka duba da idonka. Kare mai ɗoki jikinsa a sake yake, wutsiya na kaɗawa har da ƙugu, haushinsa siriri ne haɗe da kukan shagwaɓa, wani lokaci ya kwantar da ƙafafun gaba ya ɗaga baya, alamar zo mu yi wasa. Mai niyyar faɗa kuwa sandarewa yake yi. Ya kafe ɗayan da ido, wutsiya a miƙe ƙyam, leɓe a yamutse haƙora waje, gurnanin daga ƙirji yake fitowa. Idan na biyun kake gani, ko ya taɓa cizon wani kare har jini ya fita, kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Ka kai shi asibitin dabbobi, ko na gwamnatin jiha ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba shi, domin ciwon kunne ko na haƙori ma yakan sa kare ya yi zafin rai.

Yanzu batun duka. Kare yana haɗa abin da ya same shi da abin da yake kallo a daidai lokacin. Ya ga kare, ya ji bulala. Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da ya koya shi ne duk sanda wani kare ya bayyana, azaba na tafe. Da hannunka kake mayar da mai son wasa ya zama mai jin haushin karnuka da gaske. Na sha ganin wannan, kuma yana ɓata mini rai, saboda masu karnukan ba mugaye ba ne, gyara suke nema. Haka sarƙar nan mai zargewa a wuya: yana ja tana shaƙe shi, yana ƙara rikicewa. Ka nema masa ɗamarar ƙirji, ko abin wuya mai faɗi, da igiya mai ƙwari kamar mita biyu. Kuma babba ne zai riƙe, ba yaro ba.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne tazara. Kowane kare yana da nisan da zai hango ɗan'uwansa bai rikice ba. Na wani taku ashirin ne, na wani sai tsawon filin ƙwallo. Ka nemo na naka. Yadda za ka gane kuwa mai sauƙi ne: ka miƙa masa nama. In ya karɓa ya ci, yana cikin hayyacinsa, zai iya koyo. In ya ƙi ko kallon naman, kun matsa da yawa, ka juya da shi baya ba tare da tsawa ba.

A wannan nisan za ku yi aiki. Ka dafa hanta ko tsoka ba gishiri ba yaji, ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ka zuba a leda cikin aljihu. Kada ka yi amfani da tsire ko kilishi, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ka fita da shi kafin ya ci abinci. Da zarar ya ɗaga kai ya hango wancan karen, kafin ya buɗe baki, ka kira sunansa sau ɗaya da murya mai daɗi, ka sa masa naman a baki. Ya sake kallo, ka sake ba shi. Wancan karen ya wuce, nama ya ƙare. Minti biyar zuwa goma ya isa a rana. Bayan kwanaki za ka ga wani abu mai faranta rai: zai hango kare, sai ya waiwayo ya dube ka da kansa, kunnuwa a tsaye, yana jiran rabonsa. Ranar da ka ga wannan waiwayen, ka rage tazarar da taku biyu ko uku. In ya koma haushi, ka koma inda kuka baro. Aikin makonni ne, wani karen ma watanni.

In kana da aboki mai babban kare natsattse wanda aka yi wa rigakafi, ku riƙa tafiya tare, ku fuskanci gefe ɗaya, shi a wancan gefen hanya kai a wannan. Kada ku haɗa su gaba da gaba igiya a ɗame. A wurin karnuka wannan tsokana ce.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba amma zan tambaya: awa nawa yake yi a ɗaure? Matashin kare da ya wuni a sarƙa ba inda zai kai ƙarfinsa sai kan hanya. Ka sake shi a tsakar gida ya yi gudu, ka watsa masa abincinsa a ƙasa mai tsabta ya bi da hanci yana nema, shinshine yana gajiyar da kare ƙwarai. Fita kuwa, a zafin Sakkwato na watan Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40, sai bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma ɗoki a cikin rana tsaka yana iya kayar da shi. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

Fiɗiya tana rage yawon bin karya da faɗa da maza a kanta, amma ba ta koya wa kare natsuwa, don haka kada ka dogara da ita. Ka dai lura, in akwai karya mai neman barbara a unguwa, abin yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, karenka ba zai saurare ka ba, sai ka canza hanya.

Ba ka ambaci rigakafi ba, kuma shi ne ya fi damuna, tunda karnukan da yake zabura wajensu yawancinsu na yawo ne, ba a san lafiyarsu ba. Allurar ciwon haukar kare ana yin ta daga wata 3, a maimaita duk shekara. In ba a yi masa ba, a yi a wannan makon, kafin ku fara fita. In kuma faɗa ya kaure, kada ka sa hannu tsakaninsu. Ka sheƙa musu bokitin ruwa ko ka tura katako a tsakiya. Wanda haƙori ya taɓa, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.