Hawa keke da ciwon jijiyar agara

Ka ce agararka, wato jijiyar bayan diddige, ta yi sauƙi, kana tambaya ko za ka koma kan keke. Za ka iya, ɗan'uwa, ya fi gudu sauƙi a jijiyar. Sai dai ka ɗan sauke sirdi, kuma ka ɗora tsakiyar tafin ƙafa a kan feda, kada ka taka da yatsu, nan ne jijiyar take shan ja. Ka sa keken a giya mai sauƙi, hanya shimfiɗaɗɗiya, minti 15 zuwa 20, ban da miƙewa tsaye a kan feda.

Ni da safe nake gane gaskiya: in na sauko daga gado diddigen ya fi jiya tauri, na wuce gona da iri, sai in huta kwana biyu. In kuwa ka ji ɗas kamar an harbe ka a diddige, asibiti kai tsaye.