An naɗa ni mai duba jiragen ruwa a ƙungiyarmu: me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙungiyar masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa a Tafkin Jabi da ke Abuja, an kuma ce in riƙa duba jiragen a matsayin aikin sa-kai. Ni ba makanike ba ne, ga shi wasu masu jiragen sun haife ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri da ka karɓi wannan aiki. Ba sai ka zama makanike ba, amma kada ka yarda da abin da ba ka gwada da hannunka ba.

Fara da rigar ceto, kuma ka daɗe a kanta. Sau da yawa za a nuna maka su a jibge ƙarƙashin kujera, rana ta cinye su. Ɗauko kowace ɗaya, ka matsa soson cikinta. Idan ya bushe yana marmashewa, ta gama aiki. Ja maɗaurinta da ƙarfi. Sannan a saka wa mutum, a ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. In ta hau har kunnuwansa, to a cikin ruwa ma haka za ta yi. Abin da ya fi damuna shi ne yara: a saka wa ɗan shekara 6 rigar babba a ce an kare shi, alhali zamewa zai yi ya fita daga cikinta. Jirgin da ke ɗaukar yara dole ya kasance da rigunansu.

Sai inji. A tayar da shi a gabanka, ka ga siririn ruwan sanyaya shi yana fita. Ka fizge igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu. Ya kamata injin ya mutu nan take. Wannan igiya ce ke hana jirgi ci gaba da gudu in matuƙi ya faɗa ruwa. Sunsuna ƙasan jirgin, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, can yake taruwa. Duba tiyon mai ko ya tsage, da kan batir ko ya saki.

Sauran ba su da wuya: abin kashe gobara, filafili, igiya, usur, tocila, bokitin kwashe ruwa, da toshiyar ramin da ke bayan jirgi.

Ka tabbata an rubuta yawan mutanen da jirgin ke ɗauka a inda kowa zai gani. Hatsarin jirgin ruwa na Patigi a kogin Neja, Jihar Kwara, a watan Yunin 2023, ya ci rayuka sama da 100, kuma lodi ya wuce kima a tafiyar dare. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta saka rigar ceto, ta kuma hana tafiyar dare. Jabi ba kogin Neja ba ne, amma guguwar farkon damina a Abuja ba ta sallama.

Game da manya kuwa, na fahimci nauyin da kake ji. Ka ware Alhaji gefe, kada a gaban mutane, ka ce, “Ranka ya daɗe, ga abu biyu da nake so a gyara kafin a fita da iyali.” Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ku sa hannu tare. Idan ya ƙi gyarawa, kada ka sa hannu cewa jirgin lafiya yake; ka miƙa takardar ga shugabannin ƙungiya su yanke hukunci.