Yarona zai buga Kofin Fred Daly, yaya ake ƙirga maki?

Hajiya, kin ce kulob ɗin ɗanki a Ayalan ya sa shi cikin 'yan wasan da za su buga Kofin Fred Daly, amma lissafin ya rikita ki. Allah Ya ba shi sa'a. Gasar golf ce ta kulob-kulob, ta yara maza 'yan ƙasa da shekara 18, an sa mata sunan Fred Daly, mutumin garin Portrush a Arewacin Ayalan, da ya ci babbar gasar golf ta Open a 1947.

A golf ɗin da kika saba gani, ana tara duk bugun da mutum ya yi a ramuka 18. Nan kuwa rami-rami ake yi, mutum da abokin karawarsa. Wanda ya jefa ƙwallo da bugu kaɗan shi ya ci ramin. Ko yaro ya ɓata bugu tara a cikin yashi, rami ɗaya tak ya rasa, sai ya karkaɗe wandonsa ya wuce na gaba. Wannan ne ya sa nake son tsarin ga yara.

In kin ga an rubuta 3&2, ana nufin ɗayansu yana gaba da rami uku, saura biyu, wasa ya ƙare ke nan. Kulob ɗin da yaransa suka fi cin wasanni shi ke wucewa.

Ki ja masa kunne kan abu ɗaya: kada ya ɗauki ƙwallonsa a bakin rami sai ya ji abokin karawa ya ce ya yafe masa bugun ƙarshen. Sanduna kuma ku ƙirga tun a gida, kada su haura 14.