Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kuɗi a Gwajin Sabon Magani

Tambaya daga Mabera: Likita, an nemi mahaifiyata mai hawan jini ta shiga gwajin wani sabon magani, sai na ji wai kamfanin maganin ne ke biyan likitan. Ba cin amana ba ne wannan?

Amsa: Biyan kansa ba laifi ba ne. Galibin gwajin sabbin magunguna kamfanonin da suka haɗa su ne ke ɗaukar nauyinsa, domin aikin na cin kuɗi: awon jini, albashin ma'aikata, adana bayanai. Abin dubawa shi ne yadda ake biyan. In ana ba likita lada kan kowane mutum da ya shigar, yana iya sassauta sharuɗɗa har ya saka wanda bai dace ba, kamar mai ciwon ƙoda. In yana da hannun jari a kamfanin, illar da ya gani sai ya rubuta cewa ba maganin ne ya jawo ta ba. Mafi muni a ganina shi ne ɓoye sakamako: a buga wanda ya yi wa kamfani daɗi, a danne sauran, likitocin duniya su riƙa rubuta magani bisa rabin gaskiya. Shi ya sa tun 2005 manyan mujallun likitanci ba sa buga gwajin da ba a yi wa rajista ba kafin a fara shi.

Ka tambaye su kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: wa ke biya, likitan na da jari a kamfanin, kuma ina lambar rajista? Rumbun rajistar Afirka shi ne PACTR, ana duba shi a intanet.

Tambaya daga Runjin Sambo: Wa ke sa ido, kada a maimaita abin da ya faru a Kano?

Amsa: A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magani na Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano cikin yara kusan 200, rabinsu aka ba su ceftriaxone, wani maganin sanƙarau da aka saba amfani da shi, don kwatantawa. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Yanzu gwajin magani sai da izinin NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista da NHREC, wato kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato yana da irin wannan kwamiti. Ki nemi ganin takardar amincewarsu, ki duba ko wa'adinta bai ƙare ba.

Tambaya daga Arkilla: Masu gwajin magani sun ce za su ba ni kuɗin mota. In karɓa?

Amsa: Karɓi, haƙƙinka ne. Amma in kuɗin ya kai yawan da zai sa ka rufe ido ga haɗarin, tsaya ka sake tunani.

Tambaya daga Bodinga: Matata ba ta karatun boko. Zan iya sa mata hannu a takardar yarda da shiga gwajin magani?

Amsa: A'a, Malam. Shawara da kai daidai ne, amma yarda tata ce. A karanta mata takardar da Hausa ko Fulatanci, a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ta dangwala yatsa, a ba ta kwafi. Tana da damar fita duk ranar da ta ga dama, kuma ba za a rage mata kulawar da ta saba samu a asibiti ba.