Funfuna a Bangon Ɗaki da Tarin Yara: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ni uwa ce daga Rikkos a nan Jos. Tun da ruwan Agusta ya kankama bangon ɗakinmu ya yi baƙi-baƙi. Ɗana mai shekara 4 yana tari cikin dare, ƙirjinsa yana ƙara kamar fito, amma idan ya kwana gidan kakarsa sai ya samu sauƙi. Anya ba bangon ba ne?

Amsa: Hajiya, abin da kika lura da shi, wato sauƙin da yaron yake samu idan ya bar ɗakin, shi ne abu na farko da mu ma muke tambaya a asibiti. Baƙin da kike gani funfuna ce, kuma tana sakin ƙananan ƙwayoyi cikin iska waɗanda ido ba ya gani, idan yaro ya shaƙe su sai hanyoyin numfashinsa su kumbura su tsuke, musamman idan akwai asma a dangi. Tun a shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da alaƙar zama a gida mai danshi da tari da tashin asma. Jos kuwa damina takan ɗauke mu daga Afrilu har Oktoba, ga sanyin tudu da yake sa mu rufe tagogi ruf, alhali kayan da suka jiƙe ba sa wuce kwana ɗaya zuwa biyu kafin funfuna ta fara kama su.

Ki janye durowar kaya daga jikin bango, ki ɗaga ledar ɗaki da katifar da take ƙasa, domin sau da yawa abin da yake ɓoye a nan ya ninka wanda yake fili. Sannan ki kai yaron a saurari ƙirjinsa. Maganin tarin kemis ba zai yi masa komai ba muddin a ɗakin yake kwana.

Tambaya: Ni magidanci ne a Anguwar Rogo. Na yi wa bangon sabon fenti, bayan mako uku baƙin ya dawo. Mene ne mafita?

Amsa: Malam, fenti rufa-rufa ne kawai. Ka fara gano inda ruwan yake shigowa, ko yoyon kwano ne, ko indararon da yake zuba a jikin gini, ko kuwa danshi ne yake tasowa daga tushe. Bayan an gyara, a fitar da yara, a buɗe tagogi, ka sa takunkumi da safar hannu, ka goge wurin da sabulu, sannan ka bi da kofi ɗaya na bilic irin su Hypo cikin ruwa lita 4. Kada ka gauraya shi da wani sinadarin wanke-wanke, domin tururinsa guba ne. Silin ko katifar da funfuna ta ratsa cikinsu sai dai a haƙura da su.

Tambaya: Surukata tana kunna turaren wuta da gawayi don korar warin da ɗumama ɗakin jaririya. Ya dace?

Amsa: 'Yar'uwa, na san yi wa suruka gyara sai da dabara, amma bai dace ba. Turare yana danne wari ne kawai, hayaƙinsa kuma ƙarin nauyi ne ga huhun jaririya. Gawayi a rufaffen ɗaki ya fi haka muni, domin yana fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe mutane cikin barci. A ƙara mata tufafi, a riƙa buɗe taga da hantsi.

Tambaya: Yaushe ne ya zama dole a garzaya asibiti?

Amsa: Ku ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance lafiya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Tarin da ya kai mako biyu kuma kada a ɗora wa bango laifinsa sai an yi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yinsa a cibiyoyin gwamnati.