Tambayi Likita: maganaɗisu, mutum-mutumi da ƙwaƙwalwa

Likita na ga bidiyo a Facebook, mutum-mutumi ya ɗora wa wani bature wani abu a ka sai yatsansa ya dinga motsi da kansa. Gaskiya ne ko haɗi ne? Daga Kano

Gaskiya ne, TMS ake ce masa, Anthony Barker ne ya fito da shi a Sheffield ta Ingila a 1985. Abin da ka gani a kan nan naɗin waya ne da ke harba ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ya tada wurin da ke ba jiki umarnin motsi, in aka taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa hannun dama ne zai zabura. Haka za a bi wuri wuri ana sa alama a hoton ƙwaƙwalwar mutum da na'urar MRI ta asibiti ta ɗauka, nan babban yatsa, nan ƙafa, don in za a cire ƙari a ƙwaƙwalwa mai tiyata ya san inda ba zai kai wuƙa ba. Hannun likita yana gajiya, shi kuwa mutum-mutumin ko ka gusa da kai zai biyo ka.

TMS ɗin da zafi? Daga Maraɗi

Ba sosai ba, ƙara ce tas tas, wani lokaci da ɗan ciwon kai. Amma mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a ka ya fara gaya wa likita.

Likita mahaifina ɓarin jikinsa na dama ya shanye sati uku kenan, wasu sun ce iska ce ta buge shi a banɗaki, wani kuma ya sayar mana da maganaɗisu a dinga ɗaura masa a ka. Mu ci gaba? Daga Zariya

Haba baiwar Allah, sati uku a gida? Ki cire masa wannan abin yau ɗin nan. Maganaɗisun kasuwa, ko na cikin sifika ne, zaune yake kawai, ba ya tada jijiya ko ɗaya, na asibiti aikinsa daga harbawar nan ne cikin ƙiftawar ido. Kuɗinku kawai aka ci.

Ba iska ba ce kuma. Hanyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar Baba, galibi hawan jini ne sila, shi ya sa dama ta shanye, ƙila ma maganarsa ta sarƙe. Addu'a ku yi ta yi, amma a hanyar asibiti. Kuma dan Allah kar a ɗura masa ruwa ko rubutu in yana ƙwarewa, huhu yake wucewa, wallahi wannan ɗuren yana kashe mutane. Tsaga da ƙaho ma a bari.

Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta, wannan ta wuce ku, amma gashin ƙashi na asibiti da motsa gaɓoɓi a watannin farko suna dawo da abu da yawa. Ku kai shi a auna jininsa da suga, kar ku jira kuɗin amfanin gona. In bakinsa ya ƙara karkacewa ko ya fara barcin da ba a gane ba, ko tsakar dare ne ku nemi mota.